Zuwa ga ɗana mai haɗa sola a Pantami: ba zan karɓi kujerar ba

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar ka bugo waya cikin shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce kai mai haɗa sola ne a Pantami. Tambayarka kamar yadda na riƙe ta ita ce: tunda doka ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar kula da wutar lantarki, ga shi kuma manya na cewa ƙasa za ta rabu da makamashi mai hayaƙi, in aka miƙo mini shugabancin irin wannan hukuma a Gombe zan karɓa? In ba zan karɓa ba, wa ya cancanta? Ban kai ga buɗe baki ba mai gabatarwa ya ce lokaci ya yi halinsa, sai wani jiƙon. Tun ranar, duk inda na zauna sai wani ya ce, "Injiniya, yaron nan fa ya ƙure ka." Ba ka ƙure ni ba, agogo ne ya cece ni. Ga amsarka a rubuce, inda babu mai katse mu.

A'a, ba zan karɓa ba. Ba kuma don tsufa ba, ko da yake gwiwa ta fara ba da labari.

Mu fara da kujerar kanta, don mutanenmu da yawa sun ɗauka shugaban hukumar shi ne mai kawo wuta. Ba shi da injin ko ɗaya, ba shi da falwaya ko ɗaya. Ka san Tudun Hatsi. Akwai mai noma, akwai mai sayarwa, akwai mai saye, sannan akwai wanda in aka bubbuge gindin mudu ya shige ciki, wurinsa ake kai ƙara. To, shi ne wannan. Shi ke ba da lasisi, shi ke yanke nawa za a sayar da yunit, shi ke cin tarar wanda ya saɓa. A tarayya hukumar NERC ce ke wannan aiki tun dokar gyaran harkar lantarki ta 2005. A Nuwamban 2013 aka miƙa goma daga cikin kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, mu da Bauchi da Filato da Binuwai muka faɗa rabon kamfanin Jos. A Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya buɗe wa jihohi ƙofa, a Yunin shekarar kuma Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Daga nan kujerar da kake tambaya a kanta ta samo asali.

Ni kuwa shekara talatin da ɗoriya na yi a gefen mai sayarwa. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa a rediyo ba. Ina ƙaramin ma'aikaci a inda na fara aiki, aka tura ni wani layi in ƙiyasta kuɗin wutar gidajen da ba su da mita. Damina ce, layin duk caɓi, takalmina sabo. Na samu gindin dogon yaro a bakin titi, na ɗora littafi a cinya, na rubuta wa kowane gida kuɗi iri ɗaya. Bayan kwana kaɗan wata tsohuwa ta zo ofis da takardar a ƙulle a bakin zanenta. Ta kwance, ta shimfiɗa ta a kan teburina da tafin hannu, ta ce ita ƙwan fitila ɗaya gare ta da rediyo, maƙwabcinta kuma firiza biyu yake kunnawa yana sayar da ƙanƙara, yaya aka yi nasu ya zo ɗaya? Na ce mata, "Iya, haka na'ura ta fitar." Babu wata na'ura, bairona ne. Ta dube ni, ta ninke takardarta, ƙarshen wata ta biya. Ba ta da inda za ta kai ni. Wannan wurin da ta rasa, shi ne hukumar da muke magana a kanta.

Na tuba, amma tuba ba ta goge zumunci. Waɗanda yau za su zauna a ɗaya gefen teburin suna neman ƙarin farashi, wasu ni na koya musu hawa falwaya, wasu tare muka yi kwanan daji muna neman inda layi ya tsinke. Na ci shinkafar sunan 'ya'yansu. In baki ya ci, ido ke jin kunya. Ranar da za a ci ɗayansu tara, na san kafin magariba zai yi sallama a ƙofar gidana, kuma na san kaina. Saninmu tsofaffin ma'aikata yana da amfani, a kira mu a tambaye mu inda ake ɓoye asara a cikin lissafi, za mu nuna. Amma ba a ba mu hatimi ba.

Wa ya cancanta? Abu na farko da zan duba ba digirinsa ba ne. Zan duba ko zai iya ce wa wanda ya naɗa shi a'a, ya kuma kwana a kujerarsa. Gwamna, kowane gwamna, yana son wuta ta yi arha kafin zaɓe. Kuma gwamnati ita kanta mai shan wuta ce, ba kullum take biya ba. Ka tuna a Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga jerin ma'aikatun da yake bi bashi, har da fadar shugaban ƙasa a ciki. Shugaban hukumar da zai bari a yanke wa mai walda wuta a Bolari kan bashin wata biyu, ya kau da kai daga sakatariya, ya gama zubar da girman kujerar tun a makon farko.

Amma kada ka ɗauka jarumta ita ce rage farashi kawai. A Yulin 2025 hukumar jihar Inugu ta sauke kuɗin yunit na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, zuwa naira 160. Jama'a suka yi tafi, masu samar da wutar suka yi ca, don wutar daga babban layin ƙasa take zuwa, kuma ba Inugu ce ke yanke kuɗin iskar gas ɗin da aka ƙona aka samar da ita ba. Ko wa ke da gaskiya a rigimar, darasin da na ɗauka shi ne shugaban hukumar jiha dole ya san iyakar gonarsa. Ya fi bukatar iya karanta littafin kuɗin kamfani fiye da iya karanta zanen wayoyi. In an ce masa an kashe miliyan kaza wajen gyaran taransifoma, ya ce a kawo rasit, ya kuma tura a gano masa taransifomar.

A wurina ma ba adadin ne babbar magana ba. A Afrilun 2024 aka kai yunit na rukunin A naira 225 daga sittin da wani abu, bisa alkawarin wuta ta awa ashirin a rana. To, wa ke ƙirga awannin? In an ba ka goma sha biyu an karɓi kuɗin ashirin, wa zai dawo maka da canji? NERC ta ci kamfanin Abuja tarar naira miliyan 200 a watan saboda ya ɗora sabon farashin a kan waɗanda ba 'yan rukunin ba, wannan ya yi. Amma a cikin Afrilun nan dai ɓarayi suka kayar da manyan turakun layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu, mu da Yola da Jalingo da Damaturu, cikin zafin bazara. Teloli suka koma keken ƙafa, ruwan sanyi ya zama abin kai wa mara lafiya, mutane suka yi layi a shagon duk mai farantin sola da wayoyi a leda. Na tabbata a makonnin nan ba ka zauna ba. Ban ji haushinka ba, kasuwarka ce ta buɗe. Sai dai abin ya nuna mana tsiraicinmu: yanki guda rataye a igiya ɗaya.

Nan ne maganar hayaƙi ta shigo. Na san yadda ake mata dariya a majalisa. A 2021 a birnin Gilasgo Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa, sai mutane suka ce, mu da ba mu ga wutar ba, wane hayaƙi za mu rage? Ka tsaya a Sabuwar Kasuwa da azahar ka saurara. Kowane shago da janaretansa, har sai ka ɗaga murya kafin ka yi ciniki. Ka tsaya a hanyar Dukku ka ƙirga motocin itace da buhunan gawayi masu shigowa gari. Hayaƙinmu ke nan, kuma rashin wuta ne ya haifi rabinsa. A ƙasar nan rage hayaƙi da samar da wuta aiki ɗaya ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, mai noman rani bai bukatar a yi masa lacca kafin ya so famfon sola, aljihunsa ya riga ya yi masa.

Ga Dadin Kowa a gefenmu. An gama madatsar tun shekarun 1980, ruwan Gongola ya yi ta wucewa sama da shekara talatin kafin injinan megawat 40 su fara juyawa. Duk tsawon lokacin nan ba injiniyoyi aka rasa ba. A ganina takarda aka rasa, wadda mai kuɗi zai riƙe ya san wa zai sayi wutarsa, a kan nawa, kuma in gwamnati ta sauya ba za a yage ta ba. Irin wannan takarda ita ce sana'ar shugaban hukuma. A ɗaya hannun kuma ga kwal ɗin Maiganga da ake kai wa kamfanin siminti na Ashaka, ga man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022 a iyakarmu da Bauchi. Man ba huruminsa ba ne, akwai hukumomin tarayya da dokar man fetur ta 2021 ta kafa don haka. Amma wata rana wani zai ajiye masa takardar neman lasisin tashar wuta mai ƙona kwal, ya ce ga arzikin jiha, ga aiki ga matasa. Ba na cewa ya ƙi kai tsaye. Ina cewa tashar da aka gina yau za ta kai shekara talatin tana ci, don haka wanda zai sa hannu ya zama mai iya lissafa kuɗin ruwan da ƙauye zai rasa da tarin da yara za su yi, ya kwatanta da rana da Allah ya hore mana kyauta, ya kuma karanta hukuncinsa a gaban mutanen wurin.

Yanzu bari in taɓa ka kaɗan, tunda kai ka taɓo ni. Duk gidan mai hali da ka haɗa wa sola a GRA, kamfanin wuta ya rasa mai biya a kan lokaci. Kuɗin gyaran waya da taransifoma kuwa bai ragu ba, sai a raba shi a kan waɗanda suka saura, irin tsohuwar nan tawa. Ba laifinka ba ne, amma dole wani ya zauna ya warware shi. Haka in ka haɗa wa wani faranti masu yawa ya ja waya ya sayar wa shaguna biyar na kusa, ya zama kamfanin wuta ko bai zama ba? A tsarin NERC na 2023, ƙaramar tashar ƙauye da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat ɗaya sai da izini. Jiha za ta iya sauƙaƙa wannan ta yadda saurayi irinka zai haskaka wani ƙauye a Nafada ko Balanga ba tare da ya ƙarar da takalminsa a ofis ba, za ta kuma iya mayar da shi wata sabuwar hanyar karɓar na goro. Sai kuma baturan da suka mutu, waɗanda nake gani yara na fasawa a bola da dutse. Ka san dalmar da ke ciki. Ina kuke kai naku?

Saura yadda za a naɗa shi. Kwamishinonin NERC bakwai ne, shugaban ƙasa ke zaɓa, Majalisar Dattawa ta tantance, kowa da wa'adinsa. Duk da haka, bayan shugabanta Sam Amadi ya sauka a ƙarshen 2015 hukumar ta yi sama da shekara biyu ba ta da cikakken shugaba, sai riƙo. Mai riƙo ba ya yanke hukunci mai zafi, don bai san ko zai kai gobe ba. In jiha za ta yi nata, a tallata kujerar kowa ya nema, a yi tantancewar a sa a rediyo, kada wa'adin ya ƙare rana ɗaya da na gwamna, kuma albashin hukumar kada ya zama sai an je gidan gwamnati an roƙa. Wanda ke da hannun jari a kamfanin wuta, ko na sola, ya faɗa tun da wuri. Ba na son a cika teburin da injiniyoyi irina. A sa lauya, a sa akanta mai taurin kai, a sa mace wadda ta san yadda idon mai girki da ɗanyen itace yake ja. Zaman jin koke kuma kada ya tsaya a otal cikin Turanci, a kai shi Kaltungo da Bajoga, a yi da Hausa, mai son Fulatanci ko Tangale a samo masa tafinta.

Ka ce in faɗi suna. Ba zan faɗa ba, don duk wanda tsohon ma'aikaci irina ya nuna da yatsa, ya kamata ku ƙara bincikarsa sau biyu. Amma ranar da majalisar jiha za ta zauna tantancewa, ka zo ka ɗauke ni a mashin ɗinka, mu zauna a benci na baya. Tambaya ɗaya nake so a yi wa kowannensu: gidan da yake ciki yana da mita, kuma yaushe rabonsa da ya biya da hannunsa?

In za ka zo, ka taho da abin gwajinka. Inbata ta gidana kwana uku ke nan tana kuka da asuba, na duba ban gano ba.

Naka,
Tsohon injiniya, Jekadafari, Gombe