Roƙon Tallafi: Ku Taimaka Mu Rufe Ɗakunan Bayin Allah Kafin Damina Ta Sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan kasuwa da ma'aikata, da 'ya'yan unguwa da nema ya kai Legas da Abuja, kwamitin masallacin Juma'armu ne ya sake zuwa ƙofarku da ƙoƙon bara. Mun san kun gaji da ganinmu. Mu ma wallahi da kunya muke zuwa. Amma hadari ya fara haɗowa ta gabas, ɗakuna huɗun nan na bayan masallaci da muke gina wa masu taɓin hankali marasa wurin kwana kuwa har yau samansu a buɗe yake.

Duk mai fitowa sallar Asuba ya san waɗanda muke magana a kansu. Akwai wanda ke kwana ƙarƙashin teburin mai shayi, ya lulluɓa da buhun siminti. Akwai baiwar Allahn nan ta bakin kwata, mai ƙullin tsummokara, wadda yara ke bi da jifa manya na kallo. Daminar bara ladan ya tsinci ɗayansu cikin ruwa har gwiwa, haƙoransa na haɗuwa don sanyi, ya shimfiɗa masa tabarma a barandar masallaci. Kafin Azahar wasu sun je wurin liman da ƙorafin wari. Ba za mu kama suna ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Wannan bawan Allah tela ne. Da yawanmu mun sa ɗinkinsa ranar Sallah. Da ciwon ya tsananta, muka haɗa kuɗin mota aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Likitoci suka yi aikinsu. Ya dawo fes, yana gaida mutane da sunansu, yana shiga sahu, har ya tambayi inda kekensa na ɗinki yake. To amma ina zai kwana? Mai gidan haya ya riga ya zuba wani a ɗakin. Dangi suka ce gida ya cika. Ya koma titi da ledar magani a aljihu, ruwa ya jiƙa ta, ranar allurar wata ta zo ta wuce babu mai tuna masa. Ba a yi wata biyu ba muka gan shi yana surutai a bakin hanya. Sau uku muna kai shi, sau uku ana maimaita haka. A nan muka gane cewa ruwa muke zubawa a kwando. Maganin wannan ciwo sai da barci, da abinci a kan lokaci, da wani mai cewa "ka sha na dare?" Wanda ba shi da ɗaki ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya sa muka sa harsashin ginin ke nan. Wasu sun tambaye mu ko gidan mari za mu buɗe. Allah ya kiyaye. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a shekarar 2019 ba, mutane ɗaruruwa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Ko gwamnati ma ta sake lale, domin a farkon 2023 aka bayyana sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Namu gidan zama ne kawai, na wanda asibiti ya sallama kuma ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Ɗaki da ƙofa, mabuɗi a hannun mai ɗakin. Ɓangaren mata daban da katangarsa. Wani dattijo daga cikinmu zai kula da gidan, wani ɗan unguwa ma'aikacin jinya ya ɗauki nauyin leƙowa duk mako, fisabilillahi, ya duba magani da ranar komawa asibiti. Wanda ya ji ƙarfi ya kama sana'a zai riƙa ba da ɗan abin da ya samu, ko na wuta da ruwa ne, don ya ji cewa ɗakinsa ne.

Kada wani ya ce bidi'ar Turawa muka kwaso. Tun 1954 Farfesa Thomas Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna kwana cikin jama'a suna zuwa karɓar magani. A jihar Abiya akwai cibiyar Amaudo, wadda mabiya cocin Methodist suka kafa a 1989 don kwaso masu taɓin hankali daga titi. Mu kuwa da muka gaji wakafi fa? Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar wakafi aka riƙa tafiyar da shi, kuma an ware ɓangaren masu wannan lalura a cikinsa. Kakanninmu a addini sun yi tun ƙarni bakwai da suka wuce, mu ga mu nan kwanon ɗaki huɗu yana neman ya gagare mu.

Dole mu yaba wa waɗanda suka kawo mu inda muke. Filin nan wata Hajiya ce ta bayar wakafi, ta roƙe mu kada a ambaci sunanta, kuma Allah ya karɓi ranta tun kafin a kai linta. Allah ya haskaka kabarinta. Direbobin adaidaita sahu na bakin tasha sun kwashe watanni suna tara kuɗin siminti. Wata mai ƙosai ta kawo cinikinta na yini guda ƙulle a bakin zane, muka ce ta rage wani abu, ta ƙi. Ɗaliban Islamiyya su suka yi dakon bulo da kansu, suka hutar da mu kuɗin lebura.

Sai kuma ranar gidauniya. Kun tuna rumfunan da aka kafa, da alkawuran da aka yi ta shelantawa a lasifika ana kabbara. Wannan ya ce kwano gaba ɗaya a wuyansa, wancan ya ce katako nasa ne. Mun yi sintiri har takalmanmu sun cinye, kullum Alhaji ya yi tafiya, ko Alhaji yana barci. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, mun san yanayin kasuwa. Muna dai tunatarwa cewa alkawari kaya ne, kuma a ɗakin Allah aka ɗauke shi. A tsakanin nan kuɗin bandir ɗin kwano ya tashi ya bar abin da ke asusu a baya.

Masu cewa ai shaye-shaye ne ya jawo musu, ko aljanu ne, sai addu'a, mun ji. Addu'a ba mu fasa ba, kuma ba ta hana shan magani. Cikinsu akwai wadda ciwon ya kama bayan haihuwa, akwai wanda bai taɓa sa ko taba a baki ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Su ba a rubuta musu. Mu da muke tsallake su mu shiga sahun farko, namu alƙalamin bai tsaya ba. Wa ya ba mu tabbacin gobe ba ɗanmu ba ne ko mu kanmu?

Abin da ya rage shi ne katako, kwano, ƙusa, ƙofofi da tagogi, sai ladan kafinta. Bayan nan katifa da gidan sauro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai falle ɗaya na kwano ya kawo, mai tsohuwar ƙofa a jingine a gida ya aiko da ita, mata su ba da ta hannun malamar Islamiyya. Littafin shiga da fita yana wurin ma'aji ga duk mai son dubawa, kuma za a same shi a ƙofar gabas bayan an idar da Juma'a. Kafinta ya ce ranar da katako ya sauka, washegari zai hau. Matasa masu ƙarfi a jika, muna jiran ku ranar Asabar da safe a bayan masallaci.

Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Kwamitin Masallacin Juma'a