A tuna da AB ta Gladsaxe idan ana zancen ƙwallon Denmark

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Na ji shirin wasanninku na ranar Asabar inda aka taɓo ƙwallon Denmark, to amma wallahi daga FC Copenhagen sai Brondby sai Midtjylland aka yi ta maimaitawa kamar su kaɗai Allah ya yi a ƙasar, shi ya sa na kasa haƙuri na ce bari in tuna muku da Akademisk Boldklub, wadda ake ce wa AB, masu koriyar riga.

Kulob ne tun na 1889 fa, 'yan boko suka kafa shi a Copenhagen, da farko ma sai ɗalibin jami'a ko mai shirin shiga ne ke taka musu leda. Niels Bohr ɗin nan da ya ci kyautar Nobel a fizik a 1922, golansu ne a da! Ana ba da labarin wai wata rana ana tsaka da wasa da wata ƙungiyar Jamus an ɗaɗo ƙwallo daga nesa shi kuwa gogan yana jingine da turke hankalinsa na kan wani lissafi, sai da ɗan kallo ya daka masa tsawa. Ƙaninsa Harald shi ne ɗan ƙwallo na gaske, har azurfa ya ciyo wa Denmark a Olamfik ta 1908.

Kofin lig tara gare su, na farko 1919, na ƙarshe 1967, daga nan shiru kake ji. A 1962 suka haɗe da wata ƙungiyar Bagsværd suka koma Gladsaxe can bayan gari. A nawa ganin abin da ya karya su kuɗi ne, don sai 1978 Denmark ta yarda a riƙa biyan 'yan wasa albashi, kafin nan kowa da sana'arsa, a tashi aiki a je tirenin, a wannan zamanin ɗan jami'a na iya zama zakara. Da harka ta koma ta masu hannu da shuni sai irin su Brondby suka yi gaba, ƙungiyoyin KB da B1903 kuma suka narke suka zama FC Copenhagen a 1992, aka bar AB da tsofaffin hotuna a bango.

Sun ɗan farfaɗo dai, a 1999 suka doke AaB ta Aalborg 2-1 suka ɗauki kofin ƙalubale, kuma a wannan tsakanin ne wani yaro daga Masar ya faɗo hannunsu, Mohamed Zidan, eh shi dai wanda ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Rigobert Song ya miƙa wa Aboutrika a wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta 2008 tsakanin Masar da Kamaru. Ina gidan kallo ranar, wani ɗan Kamaru da ke kusa da ni ya dafe kai har aka tashi bai ce uffan ba. A 2004 AB suka faɗo daga Superliga, babbar gasar lig ta Denmark, daga baya suka gangara mataki na uku suka yi shekaru a can, har wasu masu zuba jari daga Amurka suka saye su a 2022.

Don Allah a ware ko minti biyar ne a shiri na gaba a ba da labarinsu, in ya so a cire daga lokacin musun Arsenal da Man U, wannan kam mun ƙoshi.

Naku mai sauraro kullum,
daga Sabon Garin Zariya