Dogo ya shiga gasar harbi

Houston, Texas
Daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya amarya? Ko da yake bayan haihuwa huɗu ya kamata ka daina kiranta amarya, ka ba ta girmanta. Saƙonka na maganar bikin ƙanwarka ya iso tun kafin azumi, kuma na san laifina ne wannan shirun. Zan zo kan maganar. Bari dai in fara sauke abin da ke cina, don tun Asabar nake neman wanda zan ba labari.

Na shiga gasar harbi da ƙaramar bindiga. Eh, ni ɗin nan da ka sani, wanda yake ɓuya bayan teburin mai shayi in 'yan bindigar Sarki suka saki adaka ranar Hawan Daushe. Yi dariyarka ka gama, ina jira.

Maƙwabcina ne ya ja ni, wani dattijo tsohon soja. Wata uku ke nan da ya kai ni filin koyon harbi, kuma ranar farko sai da muka yi awa biyu a aji ban taɓa harsashi ba. Ƙa'idoji huɗu malamin ya yi ta nanata mana kamar karatun allo: ka ɗauka kowace bindiga da harsashi a cikinta, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka so ka lalata, yatsanka ba ya hawa kunama sai ka gama saiti, ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, shi ya yaɗa su, kuma shi ne shugaban farko na IPSC, ƙungiyar gasar harbi ta duniya da aka kafa a 1976. Na zaci surutu ne kawai, sai da na ga yatsana yana zarcewa kan kunama da kansa ba tare da na aike shi ba.

Da .22 aka fara mini, mai ƙaramin harsashi, ba ta ture hannu sosai, harsashinta kuma yana da araha. Na yi ta samun tsakiya har kaina ya fara kumbura. Ranar da aka miƙo mini Glock 17, mai harsashi milimita 9, ranar asirina ya tonu. Duk harbin da na yi ƙasa yake sauka, ta hagu. Na ce wa malamin saitin bindigar nan ya karkace. Bai ce mini komai ba, ya karɓa ya zuba biyar a wuri ɗaya, ya dawo mini da ita. Daga nan ya cika gidan harsashin da kansa, ya cusa na roba a tsakiya ban sani ba. Da na zo kansa na ja kunama, ba ƙara, amma bakin bindigar ya yi sujada a gaban kowa. Ashe tsoron ƙarar ne yake sa hannuna ya danne ta tun kafin ta tashi. Maganin wai atisaye da bindiga ba harsashi, kana jan kunama a hankali har hannu ya daina zabura. Na tuna yadda kake runtse ido in za ka saki danƙo a lambun bayan makaranta, shekara uku ko kurciya ɗaya ba ka kayar ba, sai gilashin motar Hedimasta. Ashe ciwonmu ɗaya.

Gasar sunanta Steel Challenge, a California aka fara ta a 1981, kuma ita ake tura sababbin shiga. Faranti biyar na ƙarfe ake kafawa, akwai wanda dole da shi za ka rufe. Alƙali yana tsaye a bayanka da agogo mai jin ƙarar harbi, in ya yi ƙara ka fara. Sau biyar za ka maimaita, a jefar da mafi jinkiri a tara sauran, wanda lokacinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Farantin da ka bari ba ka samu ba, daƙiƙa 3 za a ƙara maka. Mu masu .22 ba ma zarowa daga kube, bindiga tana hannu bakinta na kallon ƙasa ta gaba, shi ya sa na yarda na shiga. Abin da ya hana ni barci daren Juma'a shi ne kora: in bakin bindigarka ya juyo ya wuce kafaɗa ya nufi inda mutane suke, ko sau ɗaya, ka gama wasa a ranar, ba roƙo ba ban haƙuri. A gabana aka sallami wani da ya fi ni kayan aiki nesa ba kusa ba.

Da agogon ya yi ƙara a kunnena, wallahi duk karatun wata uku ya gudu. Farantin farko sai a harbi na huɗu na ji ƙarar ƙarfe. Cikin mutum talatin da wani abu na zo na biyun ƙarshe, kuma wata tsohuwa mai jikoki ta ninka ni sauri, tana gamawa ta koma kujerarta ta ci gaba da saƙa. Amma ba a kore ni ba, a zagayen ƙarshe kuma na kwashe biyar ɗin ba kuskure. Har yanzu in na tuna sai in kama kaina ina murmushi a mota. Uwargida ta ce tunda haka ne in sa hannu a aljihu kamar Baturken nan Yusuf Dikeç da ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Ita fa ba da wasa take ba a kan sayen bindiga. Doka ta ba ni dama tunda ina da takardar zama ta dindindin: fom mai lamba 4473 za ka cike, FBI ta duba tarihinka, shi ke nan. Texas ma tun Satumban 2021 mai shekara 21 yana iya yawo da ita ba lasisi, abin da ni har yau bai kwanta mini ba bayan na ga yadda hannun sabon shiga yake rawa. Ka kwatanta da gida, inda dokar makamai ta 1959 ta ce fistol sai da izinin Shugaban Ƙasa. Uwargida ta ce ba akwatin ƙarfe mai makulli, ba bindiga a gidan da yara suke, kuma gaskiyarta. Ta maƙwabcin nake ara. Ni kaina wani lokaci ina tsaye a fili sai Zamfara ta faɗo mini a rai, da abin da kalmar 'yan bindiga take nufi a wajenmu yanzu, sai in ji daɗin ya ragu. Shi ya sa ko hoto ban sa a WhatsApp ba.

Af, da gaske ne mutuminmu Shugaba ya sayar da filin Baba Tsoho ya sayi mota Sienna? Wai har ya sa an rubuta masa kirari a gilashin baya? In haka ne ka ɗauko mini hoto. Kuma yajin da ka ba mutumin nan ya kawo mini, rabin leda ya iso, ka tambaye shi inda sauran ya shiga.

Akwai wata gasar ranar Asabar ta farkon wata, tsohuwar nan ma ta yi rajista. Ka gaida amarya da yara. Don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Hajiya, ka san har yanzu tana faɗa wa mutane ko kaza ba na iya yankawa.

Naka,
Dogo