Takardar Koke Kan Ginshiƙin Tunawa da 'Yan Mazan Jiyan Ƙauyenmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu 'ya'ya da jikokin mazajen ƙauyen nan da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, tare da dattawa da limamai, mu muka haɗu muka rubuto wannan takarda. Kukanmu a kan ginshiƙin nan ne da ke bakin fili, wanda aka rubuta sunayensu a jikinsa. Simintin ya tsage, ruwan damina yana shiga yana cin ƙarfen ciki, rubutun kuma ya goge har wasu sunayen sai an shafa da yatsa ake gane su. Rumfuna sun matso sun kewaye shi, ana jingina masa kaya, ana ɗaure dabbobi a gindinsa. Idan aka ƙara damina biyu ko uku a haka, babu abin da zai saura.

Ranka ya daɗe, mutanen nan ba su da kabari a nan. Wannan shi ne tushen maganar. Mafi yawansu an ɗebe su ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, kuma ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai Turawa suka nemi samari. Wasu sun je Gabashin Afirka, inda sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu a 1941 wajen korar Italiya. Sauran aka kai su ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943. Sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Nijeriya da suka shiga cikin dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit a 1944, aka sauke su can bayan abokan gaba cikin kurmi. Barikin Chindit na Zariya da na Kalapanzin a Kaduna duk daga can suka samo suna. Bariki ya samu suna ya zauna, amma yaron da ya faɗi a wurin, sunansa yana gogewa a ƙauyen ubansa.

Wanda aka samu gawarsa, yana kwance a maƙabartar soja irin ta Taukkyan kusa da birnin Yangon a ƙasar Bama. Wanda ba a samu ba, sai dai suna a bango. A cikinmu babu wanda zai iya zuwa can ya tsaya ya yi wa kakansa addu'a. Ginshiƙin nan shi kaɗai ne shaidar da muke nuna wa yara cewa mutumin nan ya rayu, ɗan gidan wane ne, kuma ba gudu ya yi ya bar iyali ba.

Abu na biyu ya fi tsagewar siminti ciwo: sunayen ba su cika ba tun farko. An rubuta masu riƙe da bindiga, aka bar waɗanda suka yi dakon harsashi da abinci da majinyata a kansu, alhali a dajin Bama inda mota ba ta shiga, su ne suka riƙe rundunar. Zazzaɓi da atini sun kashe su kamar yadda harsashi ya kashe na gaba. Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoto, ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Idan baƙo ya manta da su, bai kamata gida ya bi sahu ba. Haka kuma waɗanda suka rasu a yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ba a ƙara su ba, ga kuma samarin da muka rasa a bakin daga a 'yan shekarun nan.

Mun san wasu 'yan'uwa suna ɗari-ɗari da wannan gini, suna tsoron kada ya zama abin girmamawa da addini ya hana. Damuwarsu tana da hujja, shi ya sa muka fara zama da malamai kafin mu rubuto. Ba ma neman mutum-mutumi ko hoto, ba kabari ba ne, ba a rusuna masa, ba a roƙon komai a wurinsa. Suna ne kawai da shekara, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kowa a layi ɗaya kamar yadda suka tsaya a fareti.

Don haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya ba da umarni a janye rumfunan, a shata wa wurin iyaka, a kuma nema wa masu rumfunan wani gefe domin su ma abinci suke nema. Muna roƙo ya isar da wannan koke ga ƙaramar hukuma don a gyara ginin, a sassaƙa sunayen a kan dutse maimakon siminti. Aikin ƙarfi da yashi da ruwa mun ɗauka, matasanmu sun yarda.

Amma abin da ya fi gaggawa, wanda ba ya bukatar kwabo, shi ne a sa masu unguwanni su bi gida-gida su tattara sunaye. Tsofaffin da suka san waɗanda suka tafi sun kusa ƙarewa. A wasu gidaje har yanzu akwai lambar yabo ko takardar sallama a cikin adaka, kuma lambar soja ɗaya ta isa a bincika mutum a kundin hukuma, da taimakon ƙungiyar tsofaffin sojoji. Muna fatan a kammala kafin 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, domin a karanta sunayen gaba ɗaya a gabanka, a yi musu addu'a.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya jiƙan magabata.

Mu ne masu biyayya,
Iyalan 'yan mazan jiya, dattawa, limamai da matasan ƙauye.