Wasiƙar Ista Daga Kan Hanyar Santiago

Rabanal del Camino, Sifaniya
Lahadin Ista

Zuwa ga Baba da Mama,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tashi daga matattu. Barkanmu da Ista. Ina fata kun tashi lafiya, an yi sujada lafiya, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta iya takawa zuwa majami'a. A gaishe mini da Kaka, da Yaya da maigidanta da yara, da Auta. Duk wanda ya tambaye ni a ce ina gaishe shi.

Na san ranku bai so ba da na ce bana ma ba zan zo gida ba. Mama ta yi shiru a waya, irin shirun nan da na sani tun ina yaro. Kuɗin jirgi bai haɗu ba, hutun da aka ba ni a wurin aiki kuma bai kai mako uku ba. Bara a ɗaki na yi Ista ni kaɗai, ban kuwa gaya muku yadda abin ya yi mini nauyi ba. Shi ya sa da 'yan'uwa na ikilisiyarmu a Zaragoza suka shirya tafiyar keke zuwa Santiago de Compostela, na sa sunana. Da na faɗa wa Mama, abu ɗaya ta tambaya: in ka faɗi a hanya, wa zai ɗaga ka? A lokacin ba ni da amsa. Yanzu ina da ita, ku yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Mu goma sha huɗu ne a kan keke, sai mutum ɗaya da ke tuƙa motar da ke ɗauke da jakunkuna da tukwane. Akwai 'yan Katolika a cikinmu, akwai irinmu, akwai 'yan ƙasar, akwai baƙi daga Kudancin Amurka da Afirka. Ƙaraminmu ɗalibi ne, babbanmu kuwa wani dattijo ne mai shekara 68 da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Mun tashi daga Roncesvalles, kusa da iyakar Faransa, inda allon bakin titi ya nuna saura kilomita 790. Yau kwana goma ke nan, abin da ya rage mana wajen kilomita 240 ne.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai, ta fi shekara dubu ana bin ta. A Santiago ne mutanen nan suka gaskata an binne manzo Yakubu ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna, wanda sarki Hirudus ya sa aka kashe da takobi kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 12. Ba a ɓata a kanta, domin ko'ina akwai kibiya mai launin ɗorawa a jikin bango, ko dutse, ko turken lantarki. Wani fada ne mai suna Elías Valiña, na ƙauyen O Cebreiro da za mu hau nan gaba, ya fara bin hanyar da gwangwanin fenti a shekarun 1980 yana zana su. Kullum na ga kibiyar sai na tuna mutum ɗaya ne ya fara, ga shi har yau tana yi wa dubban mutane jagora.

Bari in ba ku labarin yadda muke wuni. Ƙarfe shida ake tashi, da sauran duhu, ga sanyi mai shiga ƙashi. A masaukan matafiya dole kowa ya fita kafin takwas. Kowa ya naɗe jakar barcinsa, a sha shayi ko kofi da burodi a tsaye. Daga nan sai duba keke: a matsa taya a ji iska, a gwada birki, a ɗiga mai a sarƙa. Shugaban tafiyar ba ya yarda kowa ya hau ba hular kwano, ko da daga masauki zuwa bakin titi ne. Sai mu yi da'ira, kowa riƙe da kekensa, a karanta Zabura ɗaya, mutum ɗaya ya yi addu'a cikin harshen da ya ga dama. Ranar da aka zo kaina da Hausa na yi, Baba. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya sai sunan Yesu, amma duka suka amsa da amin, muryata kuwa sai da ta yi rawa, don na daɗe ban yi addu'a da ƙarfi cikin harshenmu a gaban jama'a ba.

Mukan yi kilomita sittin zuwa saba'in a rana. Awa ɗaya ta farko ba a magana, haka aka tsara, kowa ya yi nasa tunani da addu'a. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da tsakuwa a ƙarƙashin taya. Da farko abin ya yi mini wuya, yanzu ita ce sa'ar da na fi so. Bayan haka sai hira ta ɓarke, wasu su yi ta waƙa a gangara, a kan tudu kuwa numfashi kawai ake ji. Masu tafiya a ƙasa sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, kuma su ke da hanya. Tun daga nesa ake kaɗa musu ƙararrawa, a rage gudu, a ce musu "Buen Camino", wato a sauka lafiya. A masauki ma su ake fara ba gado, masu keke sai daga baya, kuma a ganina daidai ne, wanda ya wuni yana takawa da kaya a baya ya fi mu gajiya. Saboda haka wani dare muna samun gado mai hawa biyu a babban ɗaki da mutum talatin ko fi, wani dare kuma a ƙasa muke shimfiɗa a zauren wata majami'a.

Kowannenmu yana da ɗan littafi da ake buga wa hatimi a duk inda aka tsaya. Shi ne shaidar da za a duba a Santiago kafin a ba mutum takardar kammalawa. Mai tafiya a ƙasa sai ya cika aƙalla kilomita 100, mai keke kuwa 200. Littafina ya kusa cika, zan ajiye wa Auta shi.

Da yamma aiki ne a rabe. Wasu su yi cefane, wasu girki, wasu wanke-wanke, kowa kuma ya wanke rigar da ya wuni da ita ya shanya, don kaya biyu kawai muke juyawa. In ruwan sama ya hana ta bushewa, haka za ka sa ta da safe da danshinta. Ni aikin gyaran keke ya faɗo kaina, kuma Baba ne sila. Kun tuna yadda kuke zaunar da ni in riƙe muku tiyub a cikin kwanon ruwa muna neman inda kumfa ke fita? A hanya ba kwano, sai in hura iska in bi da shi kusa da leɓena har in ji inda yake tsiyaya, in kankare wurin, in shafa sholisho, in jira ya sha iska kafin in manna faci. Yawancinsu sabon tiyub kawai suka iya sawa su yar da tsohon. Yanzu mutum uku na koya wa, dattijon nan ma ya ce in gaishe da malamina. Ƙarfe goma ake kashe fitila. Ga minshari, ga ciwon cinya, amma barci ba ya jiran kowa.

Mun ratsa Pamplona, muka hau tudun Alto del Perdón inda manyan fankokin lantarki ke juyawa, a can ma sai da muka sauka muka tura kekunan. Mun wuce Logroño da Burgos, inda aka aza harsashin babbar majami'arsu a 1221. Daga Burgos ƙasar ta shimfiɗe, gonakin alkama kore shar iya ganin ido, ba inuwa, ba tudu, sai iska daga yamma tana dukan ƙirji. A kan hasumiyar kusan kowace majami'a akwai sheƙar farar shamuwa. An gaya mini da yawansu suna tsallake teku su yi hunturu a ƙasashenmu na Sahel, sannan su dawo nan su yi ƙwai. Na daɗe a tsaye ina kallonsu.

A wannan fili ne abin da nake son gaya wa Mama ya faru, ranar Laraba. Tsakanin Carrión de los Condes da Calzadilla de la Cueza akwai kilomita 17 ba ƙauye ko ɗaya. Mun shiga wurin da la'asar, gwiwata ta dama tana ciwo tun safe, ban gaya wa kowa ba. Tayar baya ta yi faci, na gyara, ba a jima ba ta sake. Kafin in ɗaga kai sauran sun ɓace mini. A tsarinmu kullum akwai mutum ɗaya da ake sa wa ya zama na ƙarshe, ba ya wuce kowa komai daren daɗewa, ranar kuwa dattijon ne. Ya tsaya a kaina ya riƙe keken har na gama. Da muka hau ya ga yadda nake taka feda da ƙafa ɗaya, bai ce komai ba, sai ya shiga gabana ya ce in manne wa tayarsa ta baya. Mutum mai shekara 68, shi ya tare mini iskar nan har muka fita. In na rage gudu ya rage, ko waiwayowa ba ya yi, ta ƙarar kekena yake gane inda nake.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa. Na ɗauka kowa ya ci ya kwanta. Da na shiga sai na tarar da su zaune kewaye da tebur, abinci a rufe ya huce, ba wanda ya taɓa. Tun ranar farko an faɗi dokar cewa ba a sa hannu a abinci sai na ƙarshe ya iso, amma ban san nauyinta ba sai da ta zo kaina. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ɗaure mini gwiwa, ta yi mini faɗa sosai don na ɓoye ciwon, ta sa aka ɗaga mini sirdi kaɗan, tun daga nan kuwa ciwon ya lafa. Shekara biyar ke nan rabona da gida, ban taɓa dawowa wani wuri a ƙasar nan na tarar ana jirana da abinci ba. Na sunkuyar da kai lokacin addu'a, hawaye suna zuba a kan hannuna. Mama, ga amsar tambayarki.

Jumma'a Mai Kyau a León ta same mu, ba mu hau keke ba. Tun da sassafe maza sanye da baƙaƙen riguna, fuska a rufe, suka fito ɗauke da manyan sassaƙe-sassaƙe a kafaɗa, masu nuna shan wahalar Ubangiji tun daga addu'arsa a gonar Getsamani har gicciye. Guda goma sha uku ne, kowanne mutane da yawa ke ɗauka, suna tafiya a hankali da bugun ganga. Ba haka muka saba ba, kuma ni da wasu 'yan'uwa mun tattauna a kan haka da dare, kowa ya faɗi fahimtarsa ba tare da ɓacin rai ba. Abin da ba zan musa ba shi ne na ga tsofaffi a bakin titi suna kuka na gaske.

Jiya Asabar muka yi wajen kilomita 70, muka bi ta Astorga muka fara hawan dutse zuwa wannan ɗan ƙauye. Ni aka sa na ƙarshe. Ɗalibin nan ƙarfinsa ya ƙare a kan tudu, na shiga gabansa kamar yadda aka yi mini, muka lallaɓa har muka iso. A nan akwai 'yan zuhudu kaɗan da ke rera addu'o'insu da Latin a wata tsohuwar majami'a ta dutse. Da dare aka hura wuta a waje, aka kunna babban kyandir, kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa, muka shiga cikin duhu da haskenmu. Yau da safe kuma fastonmu ya tara mu a tsakar masauki ya karanta Luka sura 24, labarin almajirai biyun nan da ke tafiya Imawus, Ubangiji ya bi su yana tafiya tare da su ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Bai yi dogon wa'azi ba. Muka yi waƙa, muka rungumi juna, kowa yana cewa ya tashi, ana amsawa hakika ya tashi. Na duba agogo na lissafta, a daidai lokacin ku ma kuna cikin sujada.

Gobe da sassafe za mu hau zuwa Cruz de Ferro, wani ƙaramin gicciyen ƙarfe a kan dogon turken itace, a tsayin kimanin mita 1,500. Yana cikin wurare mafi tsayi a duk hanyar. Matafiya sukan zo da dutse daga inda suka fito su ajiye a gindinsa, har duwatsun sun zama tudu. Ba ni da dutsen gida, sai na ɗauko ɗaya a bakin kogin Ebro kafin mu taso, na rubuta sunayenku duka a jikinsa, har da na jaririn Yaya da ban taɓa ɗauka ba. Yana cikin aljihun rigata tun ranar farko. Ba wai dutsen zai yi wani abu ba ne, Baba, na san abin da kuka koya mana. Ina so ne in tsaya a can in kira sunan kowannenku a gaban Allah, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Bayan gicciyen akwai gangara mai tsawo da kwana-kwana har Molinaseca, an ce mu bi kwalta, kada mu bi turbar masu ƙafa. Na duba birkin kowa ɗazu, na canza wa mutum biyu roba. Ku sa mu a addu'a wajen ƙarfe tara na safe. In Allah ya yarda ranar Jumma'a muna Santiago, daga can zan kira ku ta bidiyo ku ga wurin da idonku. A gaya wa Kaka ina sa rigar sanyi, kuma ina cin abinci sosai. Auta ya dage da karatu, jarrabawa ta kusa. Mama, a ci gaba da shan maganin ƙafar ko da an ji sauƙi, na aika wa Yaya saƙo a kan na wata mai zuwa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ne ɗanku,
mai kewarku kullum.