Kafin a haƙa gadar ƙasa a bakin tashoshin motar Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu sa baki a maganar da kan taso duk lokacin da mota ta kaɗe wani a bakin tasha a Sakkwato, wato a haƙa wa masu tafiya a ƙasa gadar ƙasa su riƙa bi ta ƙarƙashin titi. Mu ma'aikatan hanya ne da tsara birane, kuma ra'ayinmu shi ne haƙa ba wuya, riƙon ne wuya. A garin nan, wuraren da suka cancanci gadar ƙasa ba su da yawa.

Wanda ya san Babbar Tasha ko Tashar Illela ranar cunkoso ya san abin da ake kuka da shi. Gadojin sama na Rijiyar Ɗorowa da Dandima sun sauƙaƙa wa mota, amma fasinjan da ɗan kabu-kabu ya sauke a wancan hannun titi da buhu a ka har yanzu da ƙafarsa zai ratsa. Titi mai layi biyu kowane hannu, kowane layi mita 3.65, ya kai mita 16 idan an haɗa da tsibirin tsakiya. Lafiyayyen mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa, zai ƙetare cikin daƙiƙa 13. Tsoho ko mai goyo da ke cin mita 0.8 sai ya yi daƙiƙa 20, kuma a cikin wannan lokacin motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta shafe sama da mita 330. Ke nan motar da za ta kaɗe shi mai yiwuwa tana can nesa sa'ad da ya sa ƙafa a kwalta.

Gadar ƙasa ta fi ta sama sauƙin bi, wannan gaskiya ne. Ta sama sai ta ɗaga mita 5.5 domin tirela ta wuce, mutum ya hau matakala kusan 40 a zafin Afrilu. Ta ƙasa kuwa tsayin cikinta mita 2.5 ya wadatar, idan an haɗa da kaurin rufi da kwaltar da ke kansa zurfin bai wuce mita 3.2 ba, matakala 21 ko 22 masu tsayin santimita 15. Sai dai matakala kaɗai ba ta isa ba. Mai baro, mai kurar ruwa da mai keken guragu duk gangare suke buƙata, kuma dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta yarda a manta da su ba. Gangaren da mutum zai iya tura kaya a kai shi ne mita 1 na sauka a kowane mita 12, da wurin hutawa duk bayan mita 9. A lissafa da zurfin mita 3.2: kusan mita 45 a kowane ɓangare. Ina filin yake a bakin tashar da rumfuna suka cinye har bakin kwalta? Ɗan kwangila da ya rasa fili yakan ƙara wa gangaren tsini, daga nan masu baro su koma kan titi.

Babban abokin gabar gadar ƙasa ruwa ne. Ana ganin Sakkwato gari ne mai ƙarancin ruwan sama, amma ɗan abin da ake samu tsakanin Yuni da Satumba a dunƙule yake zuwa. Gangare biyu marasa rufi, kowanne mita 45 da faɗin mita 3, idan aka yi ruwan milimita 50 za su tara lita 13,500, kuma duk ƙasan ramin za ta gangara. Wannan ruwan da ya faɗo kansu kai tsaye ke nan. Idan lambatun titi ya toshe ya yi ambaliya, abin da zai shiga ya ninka haka sau da yawa. Ƙasan ramin ya fi lambatu zurfi, don haka ruwan ba ya fita da kansa, sai da famfo. Ana buƙatar rijiyar tara ruwa a wuri mafi zurfi, da famfo biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, da sola mai batir, domin lokacin hadari ne aka fi ɗauke wuta. A ɗaga bakin shiga da santimita 30 bisa titi, a rufa wa gangaren kwano. Abin da ya fi kashe famfo kuwa yashi ne da ledar fiya wata: yashi ya cinye farfelarsa, leda ta naɗe ta. Maganinsu raga da ramin tare yashi kafin rijiyar, a kwashe su a watan Mayu, ba a fafe gora ranar tafiya. A unguwannin da ke gangarawa fadamar Rima, inda ruwan ƙasa yake kusa, bangon kansa zai riƙa tsatsafo ruwa. Can kada ma a soma.

Sai tsaro. Rami mai kwana da duhu, mata ba za su shige shi bayan magariba ba, kuma suna da gaskiya. Ya zama miƙaƙƙe, wanda ke wannan baki ya hango hasken wancan, faɗinsa kada ya gaza mita 4, fitilu su kasance cikin keji, a kunne dare da rana. Mun fi son a ware shaguna biyu ko uku a ciki tun a zane, domin mai shago shi ne mai gadin da ba ya neman albashi, kuma kuɗin hayarsa ya biya mai shara. Inda ba a yi haka ba, wurin kan koma makewayi cikin ɗan lokaci.

Da kuɗin rami ɗaya za a gyara bakin tashoshi da dama ta saman titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau 4.5 idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, don haka aikin farko shi ne rage gudu zuwa 30 a gaban kowace tasha. Farin fenti kaɗai ba ya tsayar da direba, ƙura da taya ma kan shafe shi. A ɗaga wurin ƙetare titin da santimita 10, samanta shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita 5, daidai ƙofar da fasinjoji ke shiga, ba can nesa inda ya yi wa mai zane daɗi ba. A faɗaɗa tsibirin tsakiya zuwa mita 2 don mutum ya ƙetare hannu ɗaya, ya tsaya da kayansa, sannan ya ƙarasa. A rufe lambatu da murafen kankare ya zama hanyar ƙafa mai mita 3, a kafa turaku da tazarar mita 1.2 don kada mota ta hau, a dasa dogon yaro. Ƙofar mutane daban, ta motoci daban, masu kabu-kabu da Keke Napep a ba su wurin sauke fasinja a hannun da tashar take.

Idan an yi wannan, sai a ƙirga masu ƙetarawa na mako guda, har da ranar Juma'a, tare da shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho, su suka san ta inda mutane ke ɓullowa. Inda ƙirgar ta nuna titin na manyan motoci ne da ba za a iya rage wa gudu ba, kamar hanyar Gusau wajen Kwannawa, can ne za a duba haƙa, bayan an gwada ƙasar, an kuma rubuta sunan hukumar da za ta riƙa biyan kuɗin famfo da fitilu a kasafin kowace shekara.

Wassalam.

Wasu injiniyoyin hanya da masu tsara birane,
Sakkwato.