Godiya ga ma'aikatan ɗakin adana ƙwari na Samaru

Assalamu alaikum.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. Godiya na zo yi a bainar jama'a ga ma'aikatan ɗakin adana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, domin sun raba mana gardamar da ta fi ƙarfina.

Da kaka wani ɗalibina ya tsinto mataccen malam-buɗe-littafi a wajen Kufena, ya danne shi a tsakiyar littafinsa na lissafi. Ruwan goro ne, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari. Yayansa ya ɗauki hoto, manhajar waya ta ce regal fritillary ne, ɗan Amurka. Nan fa aji ya kaure, wai iska ce ta kwaso shi. Ni kuwa ba ni da ta cewa, sai na kwashi yara biyar muka hau mota sai Samaru.

Ko takarda ba mu rubuta ba, amma malamin da muka tarar ya ajiye aikinsa. Ya jawo akwati mai murfin gilashi, ƙwari jere an soke su da allura, kowanne da 'yar takardar wuri da shekara. Ya ce, "Malama, a fara duba fiffiken baya." Na Amurkan, in ji shi, bayansa baƙi-baƙi ne da layi biyu na ɗigo, yana zaune a filayen doguwar ciyawa na jihohi irin su Kansas da Nebraska, tsutsarsa kuma ganyen fure guda take ci, wanda Turawa ke kira violet. Da aka nome filayen aka shuka masara, sai ya yi ƙaranci.

Namu kuwa bayansa fari ne. Danaus chrysippus sunansa, ɗan gida, tsutsarsa a ganyen tumfafiya take kiwo. Dafin wannan farin ruwan na tumfafiya yake zama a jikinsa, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinsa. Shekara nawa ina wuce tumfafiya a bayan aji ban san wa take ciyarwa ba!

Ko sisi ba su karɓa ba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Jiya yaran sun gano tsutsa biyu a ƙarƙashin ganye, na hana kowa taɓawa.

Taku,
Wata malama daga Tudun Wada, Zariya